Ɗinkin Jakar Hagu

Ku da kuke bibiyar labarina a wayoyinku, yau kada wanda ya rubuto min “Allah ya bar ku tare” sai ya karanta har ƙasa. Na gaji da tausayin da ban cancanta ba. Kwana uku ke nan mata suna shigowa gidanmu suna min sannu, ina sunkuyar da kai ina cewa yauwa, alhali na san abin da hannuna ya ɗinka.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Hafiza, 'yar Kankia. Babana, Allah ya ji ƙansa, mai ɗinkin tamfol ne da mangalar jakuna. Da ya rasu babu namiji a ɗakinmu, sai ni 'yar fari na gaji baƙin keken ɗinkinsa mai ƙafa, na girka shi a zaurenmu. Rumfa, murfin injin markaɗe, kujerar babur, duk ina ɗinkawa, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa dawo min da aiki an ce ya farke ba.

Kujerar babur ce ta kawo min Zainul Abidin. Ɗan Kusada ne, malamin gona, kullum yana kan hanya tsakanin Kunduru da Bauranya yana duba gyaɗar mutane. Dogo, siriri, ba ya da hayaniya, in yana magana sai ka matso. Aibunsa ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya fi so a duniya: da ya samu hutu sai ya ɗaure kaya a babur ya kama hanya shi kaɗai tilo. Ya je Argungu, ya je Yankari, ya kwana a tashoshi da masallatai, ya dawo baƙi ƙirin yana nuna min hotuna yana dariya. Sau biyu ana shirin magabatansa su zo sa rana, sau biyu tafiya tana ɗauke shi.

Ran Asabar da ta wuce Baffa Sada, ƙanin babana, ya zo gidanmu bayan la'asar. Bai ko zauna a tabarmar da Inna ta shimfiɗa masa ba. Ya tsaya a tsakar gida da farar rigarsa mai aiki a wuya, carbi na lilo a hannu.

“Na ji yaron nan zai sake fita, wai har Mambila. Haka ne?”

Na ce, “Haka ne Baffa. Amma ya ce ita ce ta ƙarshe.”

“Wancan karon ma haka ya ce. To ki ji da kyau. Juma'ar nan nake son ganin mutanensa, shi ma yana gari. In ya sa ƙafa ya bar ƙasar nan kafin Juma'a, na rantse kayan da suka kawo zan mayar masu da hannuna. Ba zan ba da ɗiyar ɗan'uwana ga wanda ba a san inda rana za ta faɗi masa ba.”

Inna ta ci gaba da tsince wakenta. Baffa ba azzalumi ba ne, ku fahimce ni, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba. Amma in ya rantse, ko sama za ta haɗe da ƙasa ba ya warwarewa.

Yana fita na ɗauki waya.

“Zain, Baffa ya rantse fa. Don Allah ka ɗaga tafiyar nan zuwa bayan Juma'a.”

Ya amso nan take: “Hutun sati uku kawai aka ba ni, Hafizata, daga Talata yake farawa. In na ɗaga ba zan kai Gembu, can kan tsaunin Mambila, in dawo ba. Baffa zai huce, zan kawo masa zuma da ganyen shayin can.”

“Ba ka san shi ba.”

“Ke kuma ba ki san yadda na daɗe ina mafarkin hawa tsaunin nan ba. Wannan ɗaya, daga ita na ajiye. Gobe zan zo mu gwada jakunkunan.”

Na kifa wayar a kan katifa na yi kuka har ya ishe ni. Wai ni ake cewa in jira a gama hawa dutse!

Jakunkunan da yake magana ni na ɗinka su, sati biyu ina kansu. Guda biyu ne na koren tamfol mai kauri, irin tsarin mangala, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce da maɗauri biyu da ke riƙe ta a jikin ƙarfe. Ƙarfen kuma Musbahu mai walda ne ya haɗa shi, wanda shagonsa ke kallon zaurenmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ba ya shiga sabgar kowa.

Ran Lahadi da hantsi Zain ya iso da kayansa cikin buhu, ya baje su a tabarma a ƙofar zaure. Wallahi in kuka ga yadda yake shirya kaya sai ku ce amarya yake yi wa jere. Har da sikelin rataye na awon hatsi ya zo da shi.

“Kin ga,” yana nuna min, “masu nauyi ƙasa ake sa su, kusa da tsakiyar babur. Sifana, famfo, tub na safaya, duk a nan ƙarƙashin kujera. Dama kilo shida, hagu kilo shida. In ɗaya ya fi ɗaya, a kwana babur sai ya riƙa jan ka gefe.”

“To malamin gona ya koma malamin lodi.”

Ya yi dariya. A dama ya sa 'yar tukunyar gas da kwano da rigar ruwa, Musbahu ya riga ya manna fallen gwangwani a wajen don kada zafin salansa ya ci tamfol. A hagu ya sa kayan sawa, gidan sauro, darduma da bargo. Tabarmar kwana ya naɗe ya ɗaure a kariyar bayan babur da roba, ya ja, ya sake ja, ya girgiza babur ɗin da ƙarfi. Ko motsi kayan ba su yi ba.

Ya dafa jakar hagu ya ce, “Wannan gefen sarƙa ne, ga taya nan kusa. In maɗaurin nan ya saki ana gudu, sai dai wani ba ni ba. Amma ɗinkinki ne, hankalina kwance.”

Ya bar min jakunkunan in ƙarasa murafensu, ya ce Talata da safe zai zo ya ɗaura.

To nan ne shaiɗan ya same ni, ko kuwa in daina ɗora masa, nan ne na samu kaina. Ran Litinin bayan azahar, Inna ta tafi barka maƙwabta, ina zaune gaban keke da jakar hagu a cinyata. Na ce a raina, ai daga nan gidansu Kusada zai fara zuwa neman albarkar mahaifinsa, kuma akwai inda hanyar ta lalace, dole a bi a hankali. In ɗinkin maɗaurin ya fara buɗewa a wurin, zai ji jakar na reto, zai tsaya. Wa zai kai wa gyara in ba ni ba? Ni kuma sai in ce allura ta karye, zare ya ƙare, in ja shi da yau da gobe har Juma'a ta zo. Tufafi ne fa kawai a ciki da gidan sauro. Me zai faru?

Na ɗauki reza na farke ɗinkin nailan da na yi wa maɗauran biyu, layi uku-uku. Jan zaren da na daje zanin Inna da shi yana nan kan ƙaramin kekena na ɗinkin tufafi, irin wanda ko da haƙori kake tsinkewa. Da shi na mayar da su, layi ɗaya tak. Na yanko ƙyallen tamfol na rufe wurin, na bi gefensa da baƙin zare, ya fito tsaf har ya fi na dama kyau. Ko ɗar ban ji ba, wannan ne yake ba ni tsoro har yanzu.

Talata da safe na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗora hijabi ruwan toka. Zain ya iso cikin baƙar jaket da takalmi sau-ciki, hular kwano rataye a madubi. Ya ɗaura jakunkunan, ya zuba komai a mazauninsa, ya auna da sikeli: shida da shida. Musbahu ya leƙo daga shago yana ɗaga masa hannu.

Sai ga Inna ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta yafa mayafi, tana rungume da ƙullin leda da wani galan. Tun jiya ashe take aiki a ɓoye don kada Baffa ya ji.

Zain ya durƙusa har ƙasa. “Ina kwana Inna.”

“Lafiya lau ɗan nan. Ga wanga ka riƙe a hanya. Dakuwa ce da ƙuli-ƙuli da garin fura, galan ɗin man shanu ne. Ba a barin matafiyi ya fita hannu sake, ko wa ya yi fushi.”

Na ga idonsa ya sauka kan kayan, na san lissafi yake. Sun kai kilo biyar ko fi. Ya ɗago ya dube ni, duban mai neman ceto. Ku da kuka san al'adarmu kun san ba ta yadda za a yi saurayi ya kalli surukarsa ya ce guzurinki ya yi min nauyi, ko ya tsaya yana rarraba shi a gabanta kamar mai raina kyauta. Ni kaɗai ce a wurin zan iya cewa, Inna a rage, babur ba ya son haka.

“Na gode Inna, Allah ya ƙara girma,” ya ce, ya nufi jakar dama.

“A'a, kada ka sa nan,” in ji Inna. “Ba gefen hayaƙin ba ne? Man zai narke ya ɓata maka kaya. Sa a wancan.”

Ya buɗe jakar hagu.

Jama'a, na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma me zan ce? In ce kada a sa a hagu, sai a ce don me, ba ɗinkinki ba ne? Ga Inna tsaye, ga Musbahu na kallo. Ina kallo ya danna galan ɗin ƙasa, ya cusa ƙullin a kai, ya ja murfin da ƙyar. Jakar ta yi tsugunno, maɗauran suka miƙe.

Da Inna ta koma ciki ya matso ya yi ƙasa da murya. “Kada ki damu, ina isa Kusada zan sauke in sake awo. Nan da can ai ba nisa.”

Na ce, “Ka bi a hankali, Zain.”

“Kullum haka kike cewa.”

“Yau da gaske nake.”

Ya yi murmushi, ya sa hular kwano, ya tayar. Ina tsaye a ƙofar zaure ina kallon jakar hagu tana rinjayar babur ɗin har ya sha kwana. Na koma na ɗauki waya na rubuta “Tsaya ka dawo,” na goge. Na rubuta “Ka duba maɗaurin hagu,” na goge. Na ce bari dai ya kai wurin ramukan nan, zai ji da kansa.

Bai kai ba. A kan kwalta mai kyau jakar ta saki, kafin mararrabar Kaikai, inda kowa ke sharara gudu. Waɗanda suke gona a gefen hanya sun ce jakar ta faɗa cikin tayar baya gaba ɗaya, tayar ta ƙame, babur ya juya ya danne shi ya ja shi a ƙasa. Wajen ƙarfe goma wata baƙuwar murya ta kira ni da wayarsa, don sunana ne a saman kiransa.

“Ke ce Hafiza? Mai wayar nan ya yi hatsari, an wuce da shi asibiti Katsina.”

Ban san na faɗi ba sai da na ji Inna tana yayyafa min ruwa tana salati.

Ran Laraba muka je. Ba a bar mu mun shiga ba, ta taga na hango shi, fuska a kumbure, ƙafar hagu naɗe cikin bandeji da jini ya rine. Yayansa Mubarak yana tsaye a baranda ido jawur. Ya ce likitoci sun ce ƙashin ya daddage, za su yi iya ƙoƙarinsu. Ran Alhamis da safe suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba ma, na wani. Tun ranar Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Tana zaune bakin gado tana murza carbi tana faɗin, “Ni na ja masa. Da ban ba shi man nan ba. Tsohuwar banza da shisshigi.” Ina jin ta, ina kawo mata kunu, ina mayar da shi ya huce.

Jiya Alhamis da la'asar ina zaure na ji hayaniya. Yaya Mubarak ne ya sauko daga mota da ƙarfen jakunkunan a hannu, ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya ɓalle. Ya wurga shi gaban shagon Musbahu.

“Ga aikinka nan! Waldar ƙarya ka yi wa ƙanina, ka ci kuɗinsa ka ci ƙafarsa!”

Musbahu ya ajiye abin waldarsa ya ɗaga gilashin fuska. “Alhaji, wallahi faɗuwar ce ta karya shi. Ka duba bakin karayar, sabuwa ce.”

Yaya Mubarak ya ɗauke shi da mari, har hularsa ta faɗi cikin kwata. Mutane suka taru suna rirriƙewa. Yaya Mubarak yana ta rantsuwa sai ya kai shi ƙara, sai an rufe shagon, kuma na ji wasu a cikin taron suna cewa dama aikin Musbahu sai a hankali. Mutumin da shekara goma ba wanda ya taɓa kuka da shi! Ya tsugunna ya ɗauko hularsa yana kakkaɓewa, ya ɗago ya dubi zaurenmu. Ba tuhuma a idonsa, kunya ce kawai ta an mare shi a gaban maƙwabta. Yau shagon a rufe ya wuni.

Yau Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci Baffa Sada ya shigo, wannan karon ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

“Hafiza, zo nan. Jiya na je asibitin, na ga mahaifin yaron. Rantsuwata a kan in ya bar ƙasar nan ce, to bai bar ta ba, Allah ya tsayar da shi. Kuma ba za a ce zuri'armu ta guji mutum don ya rasa ƙafa ba. In kina son sa har yanzu, na ba shi. Da an sallame shi su zo a sa rana.”

Inna ta fashe da kuka tana sa masa albarka. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Abin da na nema ke nan, ga shi an miƙo min. Zain zai zauna a gida, ba Mambila, ba Yankari, ba ko'ina har abada. In na yi shiru shi ke nan, jakar tana can yashe a gefen hanya ko wani ya tsince ta, Musbahu ya sha ƙara, Inna ta mutu da zargin kanta, ni in sha lalle.

Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Na ɗauki waya, na ga Zain yana kan layi, karon farko tun Talata. Saƙona na jiya na “ya jiki” yana nan ya karanta bai amsa ba. Na zauna a ƙasa na jingina da gado, na rubuta, wannan karon ban goge ba.

“Zain, ba waldar Musbahu ba ce. Ba guzurin Inna ba ne. Ni ce na farke maɗauran hagu ran Litinin na mayar da zaren atamfa, don ta saki a hanya ka dawo kafin Juma'a. Ina tsaye aka sa man shanun na yi shiru. Ban da abin cewa.”

Na tura. Alamar ta koma shuɗiya nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Ina jin Baffa a tsakar gida yana tambayar Inna ko akwai sauran fura. Sai saƙon murya ya shigo, na kara a kunne. Muryarsa ta dushe, a hankali yake magana kamar kullum.

“Na gani, Hafiza. Da nake kwance a bakin titin kafin mutane su iso, maɗaurin yana gaban fuskata. Na ga zaren. Kwana uku ina roƙon Allah ya sa idona ne ya yi min gizo, shi ya sa ban faɗa wa kowa ba. Sai ɗazu na ji abin da Yaya ya yi wa Musbahu.”

Ina jin numfashinsa da ƙarar wani abu a ɗakin asibitin.

“Zan sa Yaya ya je ya ba shi haƙuri a gaban mutanen da ya mare shi. Ba zan faɗi sunanki ba, wannan ke za ki faɗa. Ki fara da Inna, ta ci abinci, baiwar Allah alheri ta yi min. Baffa kuma ki ce masa na gode da karamci, amma kada ya jira mutanenmu.”

Saƙon ya ƙare. Na danna in kira shi, sai na ga hotonsa ya ɓace daga saman shafin.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce, muryarta har da ɗan ƙarfi yau saboda albishirin Baffa.

“Ke, na ji kamar muryar ɗan nan. Mi ya ce? Kin faɗa mashi Baffanki ya amince?”

Na share fuskata da gefen zani, na miƙe, na buɗe ƙofar.

“Inna, shigo ki zauna. Ki kira Baffa ma ya zo.”